Idan Farfesa Kirista Ya Kare Wanda Ake Zargi da Wariyar Launin Fata: Yadda Za Ka Riƙe Zaurenka

Yawanci da guntun bidiyo abin yake shigowa. Daƙiƙa talatin ko arba'in, wani fitaccen ɗan ƙwallo ko mawaƙi ko ɗan siyasa yana furta wata kalma, an ɗora rubutu a sama cewa ya zagi baƙar fata ko ya ci mutuncin wata ƙabila. Bayan kwana biyu sai ga wani malamin jami'a, Kirista, ya rubuta cewa a yi wa mutumin adalci, ko a yafe masa. Daga nan magana ta bar kan mai laifin ta koma kan farfesa, ta bar kan farfesa ta koma kan addininsa, kafin magariba kuma ta sauka a kan maƙwabcinka da ya wuni a gonar dawa bai ma san an yi ba.

Wannan bayani na wanda ke riƙe da zauren WhatsApp na ƙungiyar gari ne, da mai gidan kallo, da malamin makaranta, da duk wanda ake sauraron bakinsa a majalisa. Ya fi shafar garuruwa irin na Sumaila, Tudun Wada, Rogo da Doguwa, inda Hausawa Kiristoci da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma kaka ɗaya ya haɗa su. Aikinka shi ne ka raba tambayoyi uku da jama'a ke cakuɗawa: me mutumin ya faɗa, hujjar farfesan ta tsaya ko ba ta tsaya ba, sai kuma addinin farfesan, wanda ba shaida ba ne ga kowane ɓangare.

Daren farko

Da ka ga an fara jefa kalmomi irin su arne, ɗan ta'adda, bawa ko 'yan ƙabila, rufe zauren. Taɓa sunan zauren a sama, shiga wurin izinin mambobi, kashe maɓallin tura saƙo, ya zama shugabanni kaɗai ke iya rubutu. Rufewar ta kasance daga isha'i zuwa hantsi. Kada ta wuce kwana ɗaya, domin mutane za su kwashi rigimar su kai wani zauren da ba shi da mai tsawatarwa, su kuma ce ka ɗauki ɓangare.

Kada ka rufe shiru. Tura saƙon murya, domin da yawa daga cikin dattawa ba sa bin dogon rubutu, kuma murya ta fi nuna cewa ba fushi kake yi ba. Minti ɗaya ya isa: "Salamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. An ɗan rufe zaure zuwa gobe da hantsi don mu nemo cikakkiyar maganar. Ba a kori kowa ba. Wanda yake da cikakken bidiyon ya turo mini ta gefe."

Shugaban zaure yana iya goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa, amma damar ba ta wuce kamar kwana biyu. Kafin ka goge zagi, ɗauki hotonsa a allon wayarka ka ajiye. Idan magana ta kai gaban mai unguwa, abu na farko da mai zagin zai ce shi ne bai faɗa ba.

Duba saman saƙon kuma. Idan akwai kibiya biyu, alamar an yi ta tura shi ke nan hannu bayan hannu. Tun 2020 WhatsApp ya taƙaita irin wannan saƙo zuwa zaure ɗaya a kowane turi. Kibiya biyu ba ta nufin ƙarya ce, tana nufin wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba.

Nemo maganar daga bakin mai ita

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, zargi ma haka. Rubuta sunan mutumin da kalma biyu ko uku daga maganar a YouTube, ka nemi bidiyon da ya fi tsawo. Idan data ce matsala, saukar da ingancin hoton zuwa mafi ƙaranci. Bidiyon minti goma a haka ba zai ci megabait 50 ba, kuma murya kake nema, ba kyan fuska ba. Saurari aƙalla minti biyu kafin kalmar da minti biyu bayanta. A nan ne za ka gane ko maganarsa ce, ko maganar wani yake kawowa don ya soke ta, ko amsa tambaya yake yi.

Duba kwanan wata. Tsohon bidiyo yakan dawo kamar sabo, har bayan an hukunta mutum ya biya tara. Ɗauki hoto ɗaya daga bidiyon ka sa a Google Lens, zai nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa. Duba ko BBC Hausa, RFI ko DW sun kawo labarin, ko masu tantance labarai irin su Dubawa sun taɓa shi. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta, don haka ka binciki abin da shi kansa ya ce bayan zargin: ya musanta, ya amsa, ko ya yi gum.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fassara. Maganar da aka yi da Turanci ko Sifaniyanci tana iso mu ne ta bakin wani mai shafin Facebook da ke neman mabiya, shi kuma gishiri ne jarinsa. Ba mutum biyu da suka iya harshen su fassara maka, kowa daban, kada ɗaya ya ji na ɗaya. Malamin Turanci na sakandaren gari da ɗan bautar ƙasa sun isa. Idan fassararsu ta saɓa a kan kalmar da ake rigima a kanta, to ba ka kai ga yanke hukunci ba tukuna.

Haka za ka yi wa rubutun farfesan. Karanta shi duka, ba kanun da aka yanko ba. Sau da yawa wanda aka ce ya wanke mai laifi cewa ya yi hukuncin ya yi tsanani, wannan kuwa magana ce daban.

Wace irin kariya ya yi?

Nan ne zuciyar aikin, domin kowace kariya da ma'auninta.

Idan cewa ya yi mutumin bai faɗi kalmar ba, abin mai sauƙi ne. Gani ya kori ji. Bidiyo ko shaidu su raba gardama, digirinsa ba ya ƙara komai.

Wadda ta fi wuya ita ce: ya faɗa, amma a harshensu ba zagi ba ne. Masu zuwa gidan kallo sun san misalai biyu, dukansu 'yan ƙasar Uruguay. A ƙarshen Nuwamban 2020, bayan Manchester United ta ci Southampton, ɗan wasanta Edinson Cavani ya gode wa wani abokinsa a Instagram da kalmar Sifaniyanci "negrito", wato ɗan baƙi. Da aka ja hankalinsa ya goge, ya ba da haƙuri. Hukumar ƙwallon Ingila ta yarda cewa ba wariya ya nufa ba, amma ta dakatar da shi wasa 3 da tarar fam 100,000. Masana harshe na cibiyar adabin ƙasarsa suka fito suka kare shi, suka ce a wurinsu kalmar ta nuna ƙauna ce. Hujjarsu tana da ƙarfi: aboki ya gaya wa aboki, cikin farin ciki, kuma wanda aka gaya wa bai yi kuka ba.

Shekara tara kafin nan, ranar 15 ga Oktoban 2011 a filin Anfield, Luis Suárez na Liverpool ya gaya wa Patrice Evra na Manchester United kalmar "negro", wato baƙi, shi ma ya kawo hujjar al'adar ƙasarsu. Kwamitin da ya saurari ƙarar ya gano ya maimaita ta sau 7, a tsakiyar cacar baki, ga abokin hamayya. Aka dakatar da shi wasa 8 da tarar fam 40,000. 'Yan wasan Liverpool suka sa riguna masu hotonsa don nuna goyon baya, abin da tsohon ɗan wasan ƙungiyar Jamie Carragher ya nemi gafarar Evra a kansa a 2019. Hujja iri ɗaya, ƙasa ɗaya, amma ta tsaya a wuri ɗaya ta faɗi a ɗayan.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba. Kalmar aboki ba ta da aibi a Kano, amma duk ɗan cirani da ya tura baro a Legas ko Fatakwal ya san yadda take fita daga bakin wanda ya raina shi. Bafulatani da Babarbare suna kiran juna bawa a sha dariya, haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe. Amma wasan barkwanci yana da sharaɗi: akwai tsohuwar alaƙa, kowa yana da damar ramawa, kuma ba a yin sa a tsakiyar faɗa. Ka auna hujjar farfesan da wannan mudun. Wa aka gaya wa? Suna irin wannan wasa a da? Cikin raha ne ko cikin fushi? Wanda aka gaya wa zai iya ramawa ba tare da ya rasa aikinsa ba? Mai gida da ya kira yaron shagonsa da sunan raini ba wasa yake yi ba, ko da yana dariya, domin yaron ba shi da bakin mayarwa. Idan farfesa ya yi dogon bayani a kan asalin kalma amma bai ce uffan a kan wanda aka jefa da ita ba, ya amsa rabin tambaya ne.

Wata kariyar ita ce shaidar hali: na san shi, mutumin kirki ne, ya gina makarantu, yana da abokai baƙar fata. Karɓe ta a matsayin dalilin sassauci, kada ka karɓe ta a matsayin wankewa. Abu Zarr babban sahabi ne, amma da ya goranta wa wani mutum a kan mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Darajarsa ba ta goge kalmar ba, kalmar kuma ba ta fitar da shi daga sahabbai ba. A wajen Kiristoci, Littafin Ƙidaya sura 12 ya kawo yadda Maryamu da Haruna, 'yan'uwan Musa na jini, suka yi gunaguni saboda ya auri mace Bakushiya, wato 'yar ƙasar Kush ta Afirka, kuma ba a ƙyale abin ya wuce ba.

Sai kariyar da malamai Kiristoci suka fi yi, wato kira ga gafara: ya yi kuskure, ya tuba, kada a kashe masa sana'a. Kada ka bari a yi wa wannan dariya, domin tushen koyarwarsu ce, kuma Musulunci ma ya kwaɗaitar da afuwa. Abin dubawa shi ne ko tuban ya cika. Ya ambaci abin da ya yi da sunansa, ko cewa ya yi "idan akwai wanda ransa ya ɓaci"? Wanda ya zalunta ya nema, ko kamfanin da ke biyan sa kuɗin talla? Ya gyara wani abu? A Luka 19 Zakka mai karɓar haraji bai tsaya a nadama ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. A fiƙihu ma haƙƙin ɗan'adam ba ya sauka sai an mayar ko mai shi ya yafe. Hukumar gaskiya da sulhu ta Afirka ta Kudu, wadda Desmond Tutu ya shugabanta bayan mulkin wariyar launin fata, ta sa faɗin gaskiya dukanta cikin sharuɗɗan afuwa. Mutum sama da 7,000 suka nema, 849 suka samu. Sannan akwai abin da farfesa ba zai iya ba ko da ya so: ba zai yafe a madadin wanda aka zaga ba.

Idan hujjar ita ce kotu ta wanke shi, tambayi wace kotu. A Yulin 2012 kotun majistare a Landan ta sallami John Terry na Chelsea a kan zargin yi wa Anton Ferdinand na QPR zagin launin fata, domin a shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto. A Satumban shekarar hukumar ƙwallo ta same shi da laifi, ta dakatar da shi wasa 4 da tarar fam 220,000, domin ita abin da ya fi rinjaye take bi. Masu gardama a gidan kallo kowa yakan riƙe guda ɗaya, alhali duka biyun sun faru.

Kariya ɗaya ce ba ta cancanci ɓata lokaci ba: ai su ma suna yi mana. Wannan ba kariya ba ce, canza magana ce.

Digirinsa da addininsa

Tambayi fanninsa. Masanin harshe yana da ta cewa a kan ma'anar kalma, masanin tauhidin Kirista a kan gafara, masanin shari'a a kan hukunci. Farfesan kimiyyar ƙasa da ya shiga wannan magana ra'ayinsa daidai yake da na mai shayin bakin tasha. Duba kuma ko akwai abin da ya haɗa su, kamar jam'iyya, coci ɗaya, ko tallafi ga makarantarsa. Alaƙa ba ta rushe hujja, amma wanda ya ɓoye ta ya rage wa kansa nauyi.

Addininsa kuwa, tarihi ya nuna ba ya gaya maka inda mutum zai tsaya. Malaman tauhidi na cocin Dutch Reformed na Afirka ta Kudu sun nemo wa mulkin wariya hujja daga Littafi Mai Tsarki, har ƙungiyar irin waɗannan coci-coci ta duniya ta ayyana wariyar a matsayin karkatacciyar koyarwa a taronta na Ottawa a 1982. Tutu, wanda ya yaƙi tsarin har ya sami kyautar Nobel a 1984, shi ma malamin coci ne. A Amurka cocin Southern Baptist da aka kafa a 1845 a kan rigimar mallakar bayi ya nemi gafara a 1995, Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata, kuma fasto ne na Baptis. Duk wanda ya ce "haka Kiristoci suke" sai ya faɗi wanne yake nufi.

Saboda haka kada ka yarda a tsare Kiristocin zaurenka a ce sai sun yi Allah wadai da farfesa. Ba su aike shi ba. Musulmi sun san ɗacin wannan, an sha tambayar su bayanin ta'asar da ba su da hannu a ciki. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci, Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a binciki labari, aya ta 11 ta hana jifa da sunayen banza. Su ma Kiristocin zaure a gaya musu gaskiya: kare farfesa don kawai namu ne shi ne son kan da wasiƙar Yakubu sura 2 ta hana, kuma Karin Magana 18:17 ta ce mai fara kawo ƙara yakan zama kamar shi ke da gaskiya sai ɗayan ya zo. Ya fi kyau kowane ɓangare ya ji wannan daga bakin nasa. Kira liman da fasto ta gefe tun daren farko: "Allah gafarta Malam, ga abin da ya taso, ina son kalma biyu daga bakinka gobe." "Baba Fasto, a taimaka a ja kunnen yara." Kada ka karanta wa wani nassin littafinsa a bainar jama'a, yakan ji kamar gori.

Buɗe zaure

Da hantsi tura cikakken bidiyon, fassarorin biyu, da rubutun farfesan, sannan ka faɗi sharaɗi uku kawai, domin fiye da haka ba mai riƙewa. A soki magana, kada a soki ƙabila ko addini. Wanda ya kawo zargi ya kawo inda ya samo. Kowa saƙo biyu a kan batun, a rufe shi da isha'i. Iyakance saƙon yana da muhimmanci, domin a yawancin zauruka mutum uku ko huɗu ne ke hura wutar, sauran kallo suke yi.

Wanda ya karya sharaɗi, fara da kiran waya, ba tsawa a zaure ba. Wanda aka kunyata a gaban mutum ɗari biyu ba ya janyewa. Matiyu 18 ma haka ya tsara: kai da shi tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan jama'a. Idan ya maimaita, cire shi na mako ɗaya ka faɗi dalili. Idan ya girme ka, kada ka cire shi da hannunka. Nemi sa'ansa ko wansa ya yi masa magana. Hukuncin kuma ya zama ɗaya ga kowa. Ranar da ka goge zagin ɗan wani ɓangare ka bar na ɗan ɗakinku, zauren ya mutu ko da sunansa yana nan.

Tunatar da matasa cewa akwai doka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, don haka farfesa yana da damar kare wanda ya so, kai ma kana da damar ce masa ya yi kuskure. Amma sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta yaɗa zagi ko barazana saboda launi, ƙabila ko asali, da hukuncin ɗauri har shekara 5 ko tara har naira miliyan 10, ko duka biyun. Dokar ta ambaci rarrabawa, don haka "ni turowa kawai na yi" ba mafaka ba ce.

Akwai alamomin da ke nuna magana ta fi ƙarfin shugaban zaure: an fara ambaton sunan wani mutumin gari ko unguwarsu, an sa hoton gida ko shago ko wurin ibada, ko an ce a haɗu a wuri kaza. A nan ba a jiran hantsi. Kai hotunan da ka ajiye wa mai unguwa a daren, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya sanar da hakimi da DPO. Kada a ce ai abin a Turai ya faru. A Fabrairun 2006 zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wata jarida ta buga a Denmark ya jawo asarar rayuka a Maiduguri, ramuwar gayya kuma ta biyo baya a Onitsha, waɗanda aka kashe a garuruwan biyu ba wanda ya san mai zanen.

Lura da kalanda. Idan rigimar ta faɗo daren kasuwa, kamar Laraba ga masu cin Maigatari, Alhamis ga masu cin Wudil, ko Asabar ga masu cin Dambatta, labarin zai hau motar kasuwa ya isa ƙauyuka goma kafin azahar, kuma zai isa ba tare da gyaran da ka yi ba. A irin wannan dare tura cikakken bayanin tun kafin asuba, ka roƙi direbobi da masu cajin waya, waɗanda ke tura wa mutane bidiyo a waya, su riƙa haɗawa da cikakken. Mai gidan kallo kuma, idan ƙungiyar ɗan wasan da ake zargi za ta buga a makon, ya sa babban mutum ɗaya a bakin ƙofa, ya kunna fitila da an tafi hutun rabin lokaci, ya kuma sallami jama'a da an busa tashi maimakon barin su su zauna sharhi a cikin duhu.